Buhun Yashi a Mazaunin Kawu

Jiya a bakin dam ɗin Gubi na shaƙi warin fetur da hayaƙin inji, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shekara guda ke nan da muka kai shi makwancinsa.

Injin jirginmu na kamun kifi ya girmi 'ya'yana duka, kullum ina mitar ba ya gudu. Tun da idon Kawu ya yi rauni ya bar mini tuƙi, ya koma zama can gaba a kan katako, carbi a hannu. In na murɗa mai gaba ɗaya, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, a hankali! Tsoho ba a yi masa tsawa, lallaɓa shi ake yi." Sai in sassauta, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, har jirgin ya kwanta a kan ruwa ya miƙe, feshi mai sanyi na dukan fuskokinmu.

Bayan rasuwarsa gudun nan ya ɓace. Na canja fulogi, na wanke kafireta, na kai farfela aka gyara mata baki, duk a banza. Wani masunci ne ya dube ni ya ce, "Malam, injinka lafiya lau yake. Gaban jirginka ne ya ɗaga, ba nauyi."

Yanzu buhun yashi nake ɗorawa a mazauninsa. Gudun ya dawo, amma ko na murɗa mai har ƙarshe, ba mai ce mini a hankali.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya nauyaya mizaninsa na alheri.