Yakuwar Habu a Bayan Tankin Ruwa

Shekara shida ke nan da rasuwar Habu, mutumin wani ƙauye a yankin Maraɗi. Shi ke kula da lambun wani gida a Dir'iyya, gefen birnin Riyadh na Saudiyya, ni kuma direban gidan da ke kallon nasu ne. A nan Riyadh aka binne shi, cikin kaburburan da ba a sa musu suna, don haka ko ni da na raka gawarsa ba zan iya nuna wurin ba yau.

Abin da zan iya nunawa yakuwarsa ce. Ya zo da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, daga gonar mahaifiyarsa, ya samu wani lungu bayan tankin ruwa ya shuka. A garin nan sai zafi ya karye, wajen Oktoba, ake shuka. Habu ko a jikinsa. Ranar da aka buga masa waya aka ce an yi ruwan shuka a garinsu, ranar yake tona ƙasa, a tsakiyar Yuni, lokacin da sitiyarin mota ma ba ya taɓuwa. Na sha ce masa, "Kai Habu, hadarin Maraɗi takardar iƙama gare shi da zai biyo ka nan?" Sai ya ce, "Yaya, ita ta san lokacinta." Rabi su ƙone, sauran su rayu da ɗigon ruwan na'urar sanyaya ɗaki.

Idan kaka ta yi, masu gida na sauke tukwanen furannin da suka sayo, sai yakuwa ta fid da nata furen, fari-fari mai jan ciki. Da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya yanƙwane. Ba mai zagayawa ya gani sai tsohuwar gidan, wadda ke tsinkar zoɓon tana kiransa karkade.

Bayan rasuwarsa ita ta ce in ci gaba da shigowa. Ina shukawa a Yuni yadda yake yi, ba don na yarda da hujjarsa ba, tsoro nake in canza ta ƙi fitowa. Da zai ga Dir'iyya yau, da ƙura da manyan motocin gini, ban jin zai ce uffan. Mutum ne da in ka nuna masa bene sai ya tambaye ka me aka shuka a bayansa.

Bana tsohuwar ta rasu, 'ya'yanta sun sayar da gidan, ni ma ba za a sabunta mini iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ba. Na kira Hadiza, matar Habu, in shaida mata ina hanyar dawowa gida, na ambaci gurguzun a cikin hira. Sai ta ce, "Malam, mai jan karan nan na Inna?" Ashe irin ya ƙare a garinsu tun wata shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, aka cinye na shuka a daddawa. Yanzu na kasuwa suke saye, kuma miyar ba ɗaya ba ce.

Kullum nakan leƙa in ga ko ƙwanson ya bushe, ina fatan ya riga ma'aikatan sabon maigida, waɗanda ba za su bambanta yakuwar da ciyawa ba. Duk abin da ya rage na Habu ba zai cika tafin hannu ba. Irin ya haura shekara goma bai sha ruwan damina ba, kuma na gaya wa Hadiza ban sani ba ko zai karɓi ƙasar. Ta ce in dai kawo, ta riga ta ware masa gefen gona.