Yaƙin da ya zo cikin takardar tsire

Kawuna yana sayar da tsire a bakin tashar Tawa, kuma da tsofaffin jaridu yake naɗe nama. Wani direba ke kawo masa su a ɗaure daga Kwatano. Shekarar da na bar lakkol, wato makarantar boko, na koma yi masa aiki, ni ke yanka su.

Ran nan na kwance wani ɗauri, sai ga hoton jirgin ruwa ya cika shafi, jiragen sama jere a bayansa kamar tantabaru a kan katanga. Ban taɓa ganin teku ba. Na kasa sa wuƙa.

Akwai wani tsohon malamin lakkol da ya yi ritaya, muna ce masa Mushe, kullum yakan zauna a bencinmu bayan la'asar. Ya karɓi shafin ya duba, ya ce, "Ɗana, kawo sauran duka."

Ya shimfiɗa su a tabarma bi da bi, yana karantawa yana juya mana da Hausa. Jaridun wata babbar ƙasa ne. Na farko, da haruffa masu girman tafin hannu, sun ce wani shugaba can nesa ya ɓoye makamin da zai ƙone duniya. Na gaba suka ce gobe ma zai iya harba shi. Sai hoton taro da tutoci, sai jirage, sai wani birni yana ci da wuta. A ƙarshe ga tutar babbar ƙasar a kan fadar shugaban nan.

Fasinjojin garin Barmu suka bar motarsu suka kewaye mu. Naman kawu ya ƙone a gefe ɗaya, bai lura ba.

Wani makiyayi daga Takanamat ya gyara rawaninsa ya ce, "Mushe, makamin hwa? Sun same shi?"

Mushe ya daɗe yana bincike. Can cikin wata jarida, ƙarƙashin tallan mota, ya sa yatsa a kan ɗan rubutu ƙanƙane. "Nan sun ce ba a gani ba."

"Amma sun koma gida?"

"Suna can."

Makiyayin ya durƙusa ya taɓa manyan haruffan da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai gwada zafin tukunya. Ban san rubutu na iya tayar da ƙasa guda ta ƙetare teku ba.

Yaron mota ya yi ta kira kafin mutanen Barmu su tashi.