Tocilar da Ba Ta Ganin Dalma

Shirya duwatsun wuya ne sana'ata tun ina budurwa a Gummi, kuma ni ba mai yarda da bakin ɗan kasuwa ba ce. Shi ya sa ranar da mai kawo mini kaya ya zazzage wasu koraye a tabarmata ya ce suna haske, na ce ya nemi wata ya yaudara. Bai yi musu ba. Ya zaro 'yar tocila mai shuɗin haske, irin ta duba kuɗin jabu, ya kare da hularsa ya haska. Duwatsun suka kama ƙyalli kamar idon kyanwa. Ya ce gilashi ne da aka sa wa yuraniyom kaɗan, irin wanda ake haƙowa a Nijar. Na saya, har da tocilar.

Na shirya abin wuya, amma hankalina bai kwanta ba. Mu mutanen yankin nan, da an ce daga ƙasa aka haƙo abu sai gabanmu ya faɗi. Na kai wa wani malamin asibiti maƙwabcinmu. Ya ce a saninsa ratayawa a wuya ba matsala, amma kada a niƙa, kada yaro ya sa a baki. Maganar niƙan nan ta tsaya mini a rai, domin niƙa ne ya raba yayata da 'ya'yanta biyu.

A Duza take aure. Lokacin da ake kawo dutsen zinariya ana niƙawa a tsakar gida, gubar dalma da ke cikin ƙurarsa ta shiga jikin yaran ta kashe su. Daga baya aka kwashe ƙasar gidan aka zuba sabuwa. Allah ya sake ba ta namiji, yana rarrafe sa'ad da na kai mata ziyara. Ina nan zaune mijinta ya shigo, rigarsa ta yi fari fat da ƙurar dutse. Wai yanzu a daji suke niƙawa. Haka ya ɗauki yaron ya rungume, raina ya ɓaci har na kasa amsa gaisuwarsa da kyau.

Don in sa ta dariya na ja ta ɗaki, na tura ƙofa, na haska mata abin wuyan. Na gaya mata abin da ke cikinsa da abin da malamin ya ce. Ko kallon duwatsun ba ta ƙara yi ba, tocilar ta fizge.

"Auta, ashe an yi hitila mai nuna guba?"

Kafin in buɗe baki ta fara. Ta haska daɓen ɗakin, ta haska shimfiɗa da ƙwaryar fura. Ta ɗauko rigar mijin da ya cire ta bi ta lungu-lungu. Ta jawo yaron ta buɗe tafin hannunsa, ta leƙa bakinsa. Babu abin da ya yi haske. Tana dariya, hawaye na zuba.

"Kin gani? Babu komi. Tun da anka haihe shi ban yi kwana mai daɗi ba."

Wallahi na so in yi shiru, don na daɗe ban ga fuskarta a sake haka ba. Amma yaron ya riga ya kama hannun rigar nan yana kaiwa baki. Na ƙwace na wurga waje.

"Yaya, wagga hitila ba ta ganin dalma. Ko gidan ga cike yake da ita, haka za ki gani."

Ta miƙo mini tocilar, ta goya yaron ta ɗaure zanen tamau.

"Kin san da haka," in ji ta, "kika bari har na kai ga bakinshi?"