Kunnen Baba Mai Ganga

Mijina faci yake yi a bakin titi, amma in ka shigo unguwarmu kana cigiyar mai faci sai a yi ta kallonka. Ka ce Baba Mai Ganga, ko yaro ƙarami zai nuna maka rumfarsa. Tun kafin ya aure ni yake kaɗa wa kulob ɗin garinmu ganga a bayan raga, inda tikiti ya fi araha, samari suka fi yawa. Gangar a ɗakinmu take kwana, a naɗe cikin zanin da na saya don kaina. Ranar wasa kuwa tun da safe yake fito da ita ta sha rana, ya zauna yana gadinta kada kaza ta taka.

Doka ɗaya yake koya wa duk yaron da ya zauna kusa da shi. A yi wa ɗan wasa tsiya son rai a kan abin da ƙafarsa ta yi, amma ba a taɓa uwarsa, ba a taɓa halittarsa. Ni dai a lokacin ban taɓa leƙa filin ba. Ban ga abin kallo a ƙartai suna bin fata ɗaya da gudu ba.

Abin da tsohon nan ya ƙi yarda da shi, shi ne ganga ta cinye masa kunne. In aike shi gishiri ya dawo da ashana, ya ce ni ce nake magana ciki-ciki. 'Yarmu ta ja shi asibiti aka ba shi ɗan abin sawa a kunne, ya dawo ya jefa shi cikin gwangwanin kusoshi, wai shi bai tsufa ba.

A bana kulob ya ɗauko sabon mai tsaron gida daga wata ƙasa mai nisa. Dogo ne, mai kunya, fatarsa ta fi ta mutanen garinmu duhu. Mijina ya raɗa masa Katanga, sunan ya bi shi. A rumfarmu ake yi wa kekensa faci, in ya zo sai ya rusuna ya ce, "Sannu, Mama," ni kuma in cika masa kwano, don na ga yaron ba shi da kowa a nan.

Wata ranar wasa, ƙwallo mai sauƙi ta zille wa Katanga ta faɗa raga. Mijina ya ɗora kiɗan da yake yi in yana so ya ƙarfafa wa ɗan wasa gwiwa. Sai wasu samari a bayansa suka hau kan kiɗan da kukan biri, suna soshe-soshe, suna nuna Katanga. Da mijina ya waiga ya ga bakuna na motsi, kafaɗu na rawa, sai ya ɗauka waƙa ce ta kama. Ya washe baki, ya ƙara wa ganga wuta. Bai tsaya ba sai da ya ga Katanga ya cire safar hannunsa ya ajiye a ƙasa, ya fice daga fili.

Kafin mijina ya iso gida bidiyon abin ya gama wayoyi. 'Yarmu ta nuna masa, ta sa baki a kunnensa ta gaya masa abin da yaran ke yi. Ga shi nan a tsakiya yana dariya, ga jikanmu a gefensa, ya fi kowa buɗe baki.

"Da gangata?" ya ce. "Da gangata suka yi masa?"

Tausayinsa ya kama ni har na rasa tsiyar da zan yi masa. Kulob kuma ya fitar da sanarwa wai wasu tsiraru ne, kuma daga yau an hana shiga da ganga. Raina ya ɓaci. To, ganga ce ta yi kukan biri? Shi kuwa ya daina cin abinci, amma ba don wannan ba. Katanga ya daina biyowa ta titinmu, kuma muka ji yana shirin haɗa kayansa, da tunanin tsohon da yake kira Baba shi ne ya ja waƙar.

Sai mijina ya zazzage gwangwanin kusoshi, ya goge abin kunnen ya saka, ya kama jikanmu a wuyan hannu sai ofishin kulob. Na bi su don kada ya kasa jin amsa.

Shugaban kulob ya ce, "Baba, yara ne. A bar maganar ta mutu."

"Yara ne, Shugaba, amma shi ma wanda suka yi wa ɗan wani ne. Ga na farko na kawo muku, jinina ne, sauran ma na san gidajensu. Ku hana su kallo har ƙarshen kakar wasa. Ranar wasa su zo su share benci, a kore su kafin a busa usur. Sannan ku kira Katanga ku tambaye shi me yake so. Ko akwai wanda ya tambaye shi?"

Babu. Aka kira shi, ya shigo bai kalli kowa ba. Mijina ya zare abin kunnen ya ɗora a tafin hannu ya miƙa gabansa.

"Ɗana, ga laifina. Ban ji ba, kuma girman kai ne ya hana ni ji."

Jikanmu ya ba da haƙuri yana hawaye. Katanga bai karɓi hannunsa ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Ya ce zai buga wasa ɗaya a gida, ya gani.

Kulob ya yarda a dawo da ganga, sai ga wata matsala. Da mijina ya fara kiɗa abin kunnen sai ya dinga tsuwa, dole ya cire. Ya dube ni a kaikaice.

"Uwar yara, kunnenki ai har tarin maƙwabta yana ji."

Haka na tsinci kaina a bayan raga da tsufana. Ya gaya wa samari cewa duk lokacin da ganga ta tsaya, kowa ya rufe bakinsa. Ni kuma muka shirya in na ji wani abu in mintsine shi.

Bayan hutun rabin lokaci ƙwallo ta kuɓuce wa Katanga, da ƙyar ya sake cafke ta. Daga can sama na ji an fara kukan birin nan. Ba ma yaro ba ne, ƙato ne da gemunsa. Na kai wa tsoho mintsinin da na daɗe ina tara masa. Ganga ta tsaya cak, wurin ya yi tsit. Muryar mutumin ta fito ita kaɗai, tsirara, ya sake yi a raunane, sai ya ga kowa shi yake kallo. Masu tsaro suka hau suka fitar da shi. Katanga ya waigo ya daɗe yana dubanmu, sannan ya buga ƙwallonsa gaba.

Washegari da hantsi sai ga shi ya turo kekensa rumfa. Mijina ya latsa tayar gaba, ya latsa ta baya, duka lafiyarsu ƙalau. Duk da haka ya kwance ta gaban ya tsoma tib a ruwa yana neman huji a hankali. Ni kuwa na shiga ciki ɗauko kwano.