Giwayen Katangar Baya

Tun da likita ya ce in riƙa tattaki, na koma zagaya bishiyar mangwaron tsakar gidana a Unguwar Dosa bayan la'asar. Ƙafa tana Kaduna, zuciya tana wani tsohon gidan bautar Hindu da na shiga a kudancin Indiya, zamanin da nake sarin yadi.

Na ga dalar Masar, na ga masallatan Istanbul, amma ban ga gini mai cunkoso irin wannan ba. Ƙofarsa hasumiya ce, hawa kan hawa, babu inda za ka aza tafin hannu ba a sassaƙa wani abu ba. An ce sarakuna ne suka gina shi bi da bi, kowanne ya kewaye aikin magabacinsa da sabuwar katanga da ƙofa mafi tsawo. Ɗakin da suka fi girmamawa kuwa ƙarami ne, mai duhu, can tsakiya. Baƙo irina ba ya shiga.

Bana wurin ya fara goge mini, ga shi ba ni da hotonsa ko ɗaya. In na zagaya shi a raina, ina ganin tafkinsa mai matakala, ina jin ƙamshin furanni da man fitila, amma katangar baya fayau take. Na san akwai wani abu a jikinta da na daɗe tsaye ina kallo.

"Alhaji, mangwaron nan fa ba Ka'aba ba ne," in ji Hajiya, uwargidana, tana tsince shinkafa.

Na tsaya cak. Ranar da na shiga wurin, na tuɓe takalmi na sa ginin a haguna, yadda ƙafata ta saba a ɗawafi. Masu bauta a wurin kuwa a dama suke sa shi. Na yi ta karo da mutane, har wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta juya ni tana dariya. Kunyar ce ta sa duk shekarun nan nake gyara zagayen a tunanina, ina bin dama. Alhali kafin ta juya ni na riga na wuce katangar, ta hagu na gan ta.

Sai na juya, na sa mangwaron a hagu. Ban yi nisa ba giwaye suka fara fitowa daga dutse, a jere, kowacce ta riƙe wutsiyar ta gabanta da hanci. Ƙaramar cikinsu ta waiwayo.

"Yau kuma an sauya hanya?"

"Yi a hankali, Hajiya, kada ki kore su."