Tayar da Na Sa don Ɗauko Saude

Asabar, Ƙofar Kibo

Ƙarfe biyar da rabi na turo mashin daga zaure, ana idar da sallar asuba. Gari bai waye ba. An yi ruwa jiya da yamma, lungunmu duk caɓi. Babu wanda na yi wa sallama, don babu kowa a gidan.

Wata biyar ke nan yana haka. Matata Saude ta tafi goyon ciki gidansu, wani ƙauye bayan Dutsen Wai, da yake haihuwar fari ce. Ta haifi mace. Na sa mata sunan mahaifiyata, ana kiranta Ummi. Ranar suna na je, amma a zaure muka zauna da maza. Wata tsohuwa ta fito da jaririyar a naɗe cikin zane, aka yi addu'a, aka mayar. Goshi kawai na gani. Shekarata arba'in da tara. Matata ta farko wajen haihuwa ta rasu, da ita da abin da ta haifa, na yi shekara goma sha ɗaya ni kaɗai. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Da aka gama wankan jego, surukina Malam Haruna ya aiko in zo. Na san za a haɗo ta da gara, na kuma san hanyar ƙauyen laka ce. Ba na son sawu biyu, ba na son jiran motar ranar kasuwa. Shi ya sa ranar Alhamis na sayi babbar taya, ta mashin da ya fi nawa girma, na kai wa Iliya mai faci a Kusfa ya sa mini a baya.

Ya sa ta yana tsaki. Da ya gama ya ce, "Sale, wilinka siriri ne. Ya matse ta, ta yi tsini a tsakiya. Abin da ke taɓa ƙasa bai kai na tsohuwar ba. Sa yatsanka nan."

Na sa tsakanin tayar da ƙarfen da ke riƙe da ita. Bai shiga ba.

Na ce, "Yatsana ne ƙato."

Ya ce, "To. Ai kai ne mai mashin."

Dakace, ƙarfe shida da minti biyar

Tun a shataletalen Ƙofar Doka na ji sauyi. Mashin da na yi shekara bakwai a kansa, in na karkata kafaɗa yake shan kwana, yau sai na danna shi kamar ina kayar da rago. Na ce sabo ne, zai saba.

A Dakace akwai shinge. Jami'in ya haska tocila a fuskata, ya sauke ta kan tayar.

"Baba, wannan mashin ne ko tarakta?"

"Mashin ne."

"Da sassafe haka, biko za ka?"

"Mai jego zan ɗauko."

"Kai, Allah ya raya! Wuce, angon ƙarni."

Maigana, bakwai saura minti goma

Hanyar akwai ramuka. Duk ramin da na faɗa sai in ji ƙuu a bayana, daga nan warin roba. Na tsaya wajen mai shayi, kofi ɗaya da biredi, naira ɗari biyar. Na taɓa gefen tayar, da zafi kamar bayan tukunya.

Wata mata ta zo sayen biredi da goyo a bayanta. Na tambayi mai shayi watan yaron nawa. Ya ce ɗan maƙwabcinsa ne, wata biyu. Na daɗe ina kallon ƙafafun da suka leƙo ta ƙasan zane. Ashe haka girmansu yake a wata biyu. Shayina ya huce ban sani ba.

Soba zuwa Dutsen Wai

Bakwai da rabi na shiga Soba, kilomita arba'in da ɗan abu daga gida. Da can lita uku ke kai ni har ƙauyen. Wannan karon sai da na ƙara a nan, don tayar na jan mai. A hawa kuma sai na koma giya biyu.

Tara saura kwata na sauka daga kwalta a Dutsen Wai. Saura kilomita tara na jar ƙasa, dawa ta rufe hanya hagu da dama. A nan ne nake sa ran babbar taya za ta biya ni. Ban yi kilomita uku ba laka ta cika ɗan ratan da ke tsakaninta da madigadi. Tayar ta ƙi juyawa, bayan mashin ya wuce gabansa, na tsinci kaina kwance a kunyar gonar wani. Ban ji ciwo ba. Na karyi kara na dinga ƙwaƙule laka. Sau huɗu na yi haka kafin in isa. Farar rigar da na ba mai guga ta koma kalar tukunya.

Gidan surukai, sha ɗaya saura

Na cire takalmi tun daga nesa, na tsuguna a gaban Malam Haruna. Dogon tsoho ne, manomi, ba ya gaggawar magana. Ya dubi rigata, ya dubi mashin. Muka gaisa: gajiya, damina, mutanen Zazzau.

Muna cikin gaisuwa jaririya ta yi kuka a cikin gida. Zana ɗaya ce tsakaninmu. Na san muryar wace ce, ko da yake ban taɓa jin ta ba. A gaban suruki ba a tambayar ɗa, balle a ce a kawo shi. Na ci gaba da kallon tabarma ina cewa lafiya lau.

An sauke ni a ɗakin zauren ƙaninsa. Aka kawo fura, da la'asar kuma tuwon masara da miyar yakuwa. Bayan la'asar ɗin Saude ta zo gaishe ni. Ta yi fari, ta yi ƙiba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, hannunta babu komai.

"Malam, sannu da hanya. A gona ka kwana?"

"Mashin ne ya zame. Ya baƙuwar?"

Ta sunkuyar da kai. Ita ma 'yar fari ce a wurinta, ba za ta ɗauko ta a idon mutane ba.

"Tana wajen Inna. Da hancinka ta zo, Allah ya ba ta haƙuri."

"Tana cin abinci?"

Ta yi dariya har ta rufe baki da gyale. "Wane abinci, Malam? Wata biyu fa."

Na ce gobe da wuri za mu kama hanya.

Lahadi da safe

An fito da gara ƙofar gida: buhun masara, rabin buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, daddawa, kuka, nakiya, da kaji biyu. Na fara kwance roba zan ɗaure. Malam Haruna ya zagaya bayan mashin ya tsuguna, ya daɗe.

"Malam Sale, ɗora masarar nan a inda matarka za ta zauna. Ka kai bakin rijiya ka dawo."

Na ɗora. Bayan mashin ya zauna. Ina tayarwa na ji ƙara kamar ana zarto. Rijiyar ba ta fi taku ɗari biyu ba. Da na dawo, baƙin garin roba ya rufe ƙarfen, gefen tayar kuma ya yi layi zagaye, har zare ya fara nunawa a wuri ɗaya.

Na ce, "Baba, zan tafi a hankali."

"Kai na san ka. Tayar ce ban sani ba."

"Sai in bar masarar."

"Ita da goyon sun kai masarar."

Ban taɓa mayar masa da magana ba. Na ji bakina ya ce, "Wata biyar, Baba."

Mutanen da ke wurin suka kau da kai. Shi kuwa yana ta murza garin robar a yatsunsa.

"Na sani," in ji shi. "Yau za su kwana a ɗakinsu. Amma ba a kan wannan ba."

Ya aika gidan wani Alhaji da akori-kurarsa za ta kai barkono Zariya. Aka samu wuri a gaba. Saude ta shiga, Goggonta mai rakiya ta shiga da jaririyar a lulluɓe. Aka cusa gara a bayan mota, sai rabin buhun shinkafa ne ya rasa wuri. Na ɗaure shi a bayana. Goma da kwata muka tashi.

Bayan Soba, sha biyu da minti goma

Har Dutsen Wai ina bin su. Da muka hau kwalta motar ta ja. Na murɗa iya murɗawa, buhunan barkono suna ƙanƙancewa, har suka ɓace a wata kwana. Raina ya ɓaci. Ina ta cewa a zuciyata da yanzu Saude tana bayana, ina jin ɗumin yarinyar.

Na wuce Soba da kamar kilomita biyu, a wata gangara, na faɗa rami. Tayar ta fashe kamar bindiga. Mashin ya yi hagu, ya yi dama, birki bai yi komai ba. Na tafi da gwiwa da tafin hannu a kan kwalta. Wata tirela ta kauce mini da ƙyar, direban yana zagi.

Na miƙe. Ƙashi bai karye ba. Buhun shinkafa ya tsinke daga roba, ya yi gaba da ni da taku goma, ya fashe a tsakiyar titi. Motar da ke bin tirelar ta bi ta kansa.

Na tsaya ina kallonsa. A mazaunin Saude na ɗaure shi.

Na zauna a bakin hanya. Wasu manoma suka zo suka ja mashin gefe, suka tattara abin da ya tattaru, ɗaya ya wanke mini hannu da ruwan gorarsa. Suna ta sannu.

Na tura mashin na koma Soba. Wani mai faci a can ya dubi tayar ya ce, "Wane maƙiyinka ne ya sa maka wannan?" Na ce ni ne. Ya nemo mini tsohuwar taya daidai wilina. A kemis aka naɗe mini hannu da gwiwa. Uku da rabi na sake hawa. Mashin ya koma shan kwana da kafaɗa.

Gida, biyar saura kwata

Tun daga bakin lungu na ga hayaƙi yana tashi daga gidana. Takalman mata sun cika ƙofar zaure, maƙwabta sun zo barka. Na yi sallama, aka amsa daga ciki. Na daɗe a tsaye kafin in shiga.

Saude ta ga bandejin, ta ajiye muciya. "Malam, me ya faru?"

"Tayar ce."

"Shinkafar fa?"

"Kajin Soba suna ci."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi mashin, ta dubi ɗaki, ta koma gindin murhu tana goge ido, ta ce hayaƙi ne.

Goggo ta fito. "Zauna, ɗan nan. Nan ba gidan surukai ba ne." Ta ɗora mini Ummi a kan hannun da babu ciwo. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta buɗe ido ta ƙare mini kallo, ta yi hamma, ta koma barci a jikin rigata mai laka da jini.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu. Na gode wa Malam Haruna da ya hana ni, da direban barkono, da manoman da ban tambayi sunansu ba. An kira magariba ina zaune a wurin. Goggo ta miƙo hannu ta ce in kawo ta in je masallaci. Na ce ta bari a tayar da iƙama tukuna.