Staf da Duwatsun Titinmu

Yayana Staf makanike ne. Garejinsa na gindin tudun ƙauyenmu, daidai inda tsohon titin da aka jera wa duwatsu yake sauka. Duk yankinmu na Flanders babu wanda ya tsani titin nan kamarsa, alhali da shi yake ci. Motar da ke binsa kullum ba ta daɗewa take fara kwaram-kwaram, sai a kawo wa Staf.

Danna gefen motar yake yi da ƙarfi ya saki. In ta ci gaba da lilo, shokazoba ta mutu. In ya leƙa ya ga mai ya jiƙa ta, sai sabuwa, kuma hagu da dama yake canjawa tare, ko kana so ko ba ka so. Wani lokaci roba ce kawai ta cinye, ko noti ya kwance a sama, ya ɗaure ya kore ka. Wanda ya ƙure rediyo don kada ya ji ƙarar kuwa, ranar sai ya sha zagi.

Da can masifarsa dariya take ba mu. Sai ciwo ya kama ƙashin bayan matarsa Godelieve, ya zama dole a riƙa kai ta asibiti a birni, kuma ba wata hanya sai titin nan. Ya sa wa motarsu sababbin shokazoba, ya canja robobi, ya rage iskar taya, yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar ta yi tsit, amma Godelieve na baya tana cizon leɓe, hawaye na zuba.

Ya je taron ƙauye ya roƙi a zuba kwalta. Mutanenmu kuwa a taɓa musu komai ban da duwatsun nan, don sau ɗaya a shekara 'yan tseren keke suna bi ta kai, a nuno mu a talabijin, a sha giya a yi ihu.

Odilon mai gidan giya ya miƙe. "Haba Staf, kai da duwatsun nan suka gina wa gareji? Ka sa mata filo mana!"

Aka kwashe da dariya.

"Filo?" in ji Staf. "Zo ka kwanta a bayan motata in gangaro da kai, mai tumbi kawai! Kekenku yini ɗaya yake wucewa, ita kuwa duk mako!"

"Gadon kakanninmu ne," in ji Odilon.

"Kakanninku ma suna bi suna tsine masa!"

Aka ce mai son kwalta ya ɗaga hannu. Daga ni sai shi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don babu wanda Staf bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin motarsa ba a cikinsu.

Kafin hunturu likita ya ce bayanta ba zai ƙara ɗaukar jijjigar ba. Aka mayar da Godelieve gidan jinya kusa da asibiti, Staf ya koma kwana shi kaɗai.

Ranar Lahadi na raka shi duba ta. Ta riƙo hannunsa ta ce, "Staf, yaushe za ka kai ni gida? Ko lambuna in leƙa."

Ya sunkuyar da kai. "Motar ce ke ƙara. Sai na gyara."

Ta daɗe tana kallonsa, matar da ta tsufa a gidan makanike, ta kuma san lafiyar motar lau.

"To," ta ce, "ka gyara a hankali."